Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Tarihin Taswirar Duwatsu da Ruwan Sha

Duk wanda ya taɓa zama a garin da ake shan ruwan rijiya ya san cewa rijiyoyi ba ɗaya suke ba. A unguwa guda akan sami wadda ruwanta ke da garɗi, har mata su riƙa tsallake wasu rijiyoyi domin su je gare ta, a kuma sami wata kusa da ita mai zartsi, wadda ba a ɗiba sai don kwaɓa ƙasar gini, wani lokaci ma sabulu ya ƙi yin kumfa a cikinta. Masu haƙar rijiya na ƙasar Hausa sun daɗe da sanin cewa wannan bambanci yana da nasaba da abin da suka ratsa kafin su cim ma ruwa, ko jar ƙasa ce, ko marmara, ko yumɓu, ko farin yashi, ko kuwa ruɓaɓɓen dutse can a gaba 15. Sai dai saninsu a kai yake, kuma bai wuce yankin da suke aiki ba. Mayar da irin wannan sani a kan takarda, yadda mutum zai dubi taswirar ƙasa guda ya ce ruwan wannan lardi zai yi kaza, na wancan kuwa a yi hattara da shi, shi ne aikin da ya ci wa masana kusan shekara 200.

Mafarin al'amarin a Ingila ne, a hannun wani mutum da bai taɓa shiga jami'a ba. Sunansa William Smith, ɗan maƙeri ne, an haife shi a 1769 a wani ƙauye na lardin Oxford. Sana'arsa awon filaye. A tsakanin 1794 da 1799 ya yi aikin haƙa wata hanyar ruwa a lardin Somerset, wadda jiragen ruwa za su bi su ɗebo kwal daga mahaƙa. Haƙa irin wannan hanya kuwa tamkar yanka ƙasa ne da wuƙa, mutum ya ga abin da ke ciki. Smith ya lura cewa duwatsun suna kwance ne hawa-hawa kamar an jera tabarmi, kuma jerin ba ya sāɓawa: wanda ke sama a nan shi ne a sama a can. Ya kuma lura da abin da ya fi wannan amfani, watau kowane hawa yana da irin nasa burbushin halittun dā, ƙananan katantanwa da makamantansu da suka zama dutse, waɗanda ba a samu a wani hawan. Ke nan ko da duwatsu biyu sun yi kama a ido, burbushin cikinsu zai raba gardama.

A 1799 ya tsara jadawalin hawa-hawan duwatsun da ke kewaye da birnin Bath. Abin lura a jadawalin nan shi ne, bayan sunan dutse da kaurinsa da burbushinsa, ya ware gurbi guda domin maɓuɓɓugan ruwa. Mutumin da manoma ke biya ya janye musu ruwa daga fadama ba zai manta da cewa ruwa yakan ratsa dutsen yashi ya sauka, sa'an nan ya tsaya a kan yumɓu ya ɓullo a gefen tudu ba. Shekara da shekaru ya yi ta yawo bisa doki da keken doki, yana tara duwatsu, har a 1815 ya fitar da taswirar Ingila da Wales da wani sashe na Sikotilan. Tsawonta ya haura ƙafa 8, faɗinta ƙafa 6, kowane inci yana matsayin mil 5, kuma da hannu aka shafa launukan, kowane irin dutse da nasa. Taswirar ba ta kawo masa arziki ba. Manyan masanan London, waɗanda ba su ɗauke shi sa'arsu ba, suka shiga shirya tasu, bashi ya yi masa katutu, a 1819 aka kulle shi wajen mako 10 a gidan yarin masu bashi. Sai a 1831 ƙungiyar masanan ta waiwaye shi ta ba shi lambar girmamawarta mafi daraja. Ya rasu a 1839, shekara 4 bayan gwamnati ta kafa hukumar binciken duwatsu ta ƙasa.

Taswirar Smith tana faɗin inda dutse yake, amma ba ta faɗin abin da dutsen ke yi wa ruwa. Wannan kuwa aikin masana haɗa sinadarai ne. A 1841 wani malami a Aberdeen, Thomas Clark, ya fito da hanyar auna nauyin ruwa da sabulu: a yi ta ɗiga ruwan sabulu cikin kwalba ana girgizawa, a ƙidaya yawan da aka zuba kafin kumfa ta tsaya. Ruwan da ya ratsa alli ko dutsen farar ƙasa yakan narkar da sinadarin kalsiyam ya taho da shi, shi ne ke cinye sabulu, yake kuma barin farin ɓawo a gindin buta. Ruwan da ya gangaro daga dutsen giranit kuwa, irin dutsen Kufena na Zariya ko na Kwatarkwashi, kusan fanko yake fitowa, domin giranit ba ya narkewa sai da ƙyar. A 1874 wata hukumar binciken ƙazantar koguna, wadda Edward Frankland ke cikinta, ta buga sakamakon gwajin ɗaruruwan rijiyoyi da maɓuɓɓuga na Biritaniya, ta kuma jera su bisa irin dutsen da kowanne ya fito daga ciki. Shekara 3 bayan haka Joseph Lucas ya zana taswirar ruwan ƙarƙashin ƙasa na yankin London.

A wancan zamani kowa ya ɗauka ruwa marar nauyi shi ne mafi alheri, tun da ba ya ɓarnar sabulu, ba ya toshe tukunyar inji. Birnin Gilasgo ya kashe dukiya mai yawa ya jawo irin wannan ruwa daga tafkin Katrine da ke cikin tsaunuka, nisan fiye da mil 30, Sarauniya Biktoriya da kanta ta buɗe aikin a 1859. Ya ceci birnin daga kwalara, babu shakka. Amma ruwan da bai ɗauko kome daga dutse ba yakan ɗauka daga abin da ya tarar a hanya, bututun gidajen Gilasgo kuwa na dalma ne. An shafe fiye da shekara 100 mutane suna shan dalma a cikin shayi, sai a ƙarshen shekarun 1970 aka fara zuba wa ruwan farar ƙasa domin ya daina lasar bututu.

Darasi na gaba daga bakin yara ya fito. A 1901 wani saurayin likitan haƙori, Frederick McKay, ya buɗe wurin aiki a garin Colorado Springs na Amurka, ya tarar yawancin waɗanda aka haifa a garin haƙoransu sun yi dabbare-dabbare kamar na mai cin goro da taba. Mutanen gari suna da bayanai iri-iri, wasu su ce naman alade ne, wasu su ce madara ce. McKay ya yi shekara 30 yana bin sawun abin. Ya tabbata daga ruwa ne, domin a garin Oakley na jihar Idaho da aka canja maɓuɓɓuga, sai yaran da aka haifa daga baya suka fito da fararen haƙora, amma gwajin da aka saba yi bai nuna kome ba. A 1931 H. V. Churchill, babban masanin sinadarai na wani kamfanin alminiyam, ya gwada ruwan garin Bauxite na jihar Arkansas da sabuwar na'ura, ya sami sinadarin fulorayid har miligiram 13.7 a lita guda. Da aka koma Colorado sai aka ga dutsen Pikes Peak da ke bisa garin giranit ne mai ɗauke da ma'adinan fulorayid. Wani abin mamaki kuma, haƙoran nan masu tabo ba su cika ruɓewa ba. Kaɗan daga sinadarin magani ne, da yawa cuta, shi ya sa a 1945 birnin Grand Rapids ya fara ƙara shi cikin ruwan famfo da gangan, alhali wasu garuruwan suna neman yadda za su rabu da shi.

Inda taswirar dutse ta shiga siyasar ƙasashe sosai shi ne rigimar ruwan sama mai asid. Tun a 1872 Robert Angus Smith ya rubuta cewa hayaƙin kwal yana tsamar da ruwan saman biranen Ingila, amma an ɗauki abin matsalar unguwannin masana'antu ce kurum. Maganin da aka yi wa hayaƙin daga baya shi ne dogayen bututun hayaƙi, waɗanda suka sa iskar London ta yi sauƙi, iska kuma ta kwashi sinadarin farar wuta ta haye teku da shi. A watan Oktoba na 1967 wani masanin ƙasar noma ɗan Suwidin, Svante Odén, ya rubuta a wata jaridar Stockholm cewa ruwan saman ƙasarsa yana ƙara tsami kowace shekara, kuma asalin abin daga masana'antun Biritaniya da tsakiyar Turai ne. Suwidin ta kai maganar gaban taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli da aka yi a Stockholm a 1972.

Ma'aunin tsami yana tafiya ne da lamba: 7 ita ce tsaka-tsaki, kuma duk saukowar lamba guda tsamin ya ninka sau 10. Ruwan sama mai tsabta yana wajen 5.6. Wanda ke sauka a kudancin Norwe a shekarun 1970 ya gangaro kusa da 4.3. Tafkuna suka yi ta mutuwa, ruwansu garau kamar madubi amma babu kifi ko ɗaya. A bazarar 1975, da ƙanƙarar da ta taru tun hunturu ta narke ta saki asid ɗinta gaba ɗaya, aka wayi gari kifaye sun mutu birjik a kogin Tovdal.

Hukumomin wutar lantarki na Biritaniya suka kafe a kan wata hujja wadda a ido tana da ƙarfi. Suka ce idan har hayaƙinsu ne, me ya sa tafkunan kudancin Ingila da na Denmark, waɗanda suka fi kusa da masana'antun kuma suka fi shan hayaƙin, ba su mutu ba? Me ya sa a cikin Suwidin ɗin ma wani tafki ya mutu, wani da ke mil kaɗan daga nan yana cike da kifi? Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. Kudancin Ingila da Denmark a kan alli da farar ƙasa suke zaune, su kuwa suna kashe kaifin asid kamar yadda kanwa ke kashe tsamin miya. Kudancin Norwe kuwa giranit ne da danginsa, ƙanƙarar zamanin dā ta kankare ƙasar da ke bisa ta bar 'yar shimfiɗa, saboda haka asid yakan wuce yadda ya sauko. Bugu da ƙari yakan narkar da alminiyam daga ƙasa ya kai shi cikin tafki, inda yake toshe wa kifi mashaƙar numfashi. Da aka ɗora taswirar matattun tafkuna a kan taswirar duwatsu sai suka hau kan juna. A Sikotilan kanta, masanan jami'ar London suka haƙo lakar gindin tafkunan Galloway da ke kan giranit, suka ƙidaya ɓawon ƙananan tsirrai na ruwa hawa-hawa, suka nuna a 1983 cewa tsamin ya soma ne bayan zuwan masana'antu. Gardamar ta ƙare a hankali, a 1986 gwamnatin Biritaniya ta yarda a saka wa wasu tashoshin lantarki na'urar tace farar wuta.

Wannan rigima ce ta haifar da sabuwar irin taswira. Ta dā tana raba duwatsu ne bisa shekarunsu da sunayen da masana suka raɗa musu, galibi sunan ƙauyen da aka fara ganinsu, abin da ba ya gaya wa mai kula da ruwa kome. A wajen 1980 Stephen Norton na jami'ar Maine ya sake rarraba duwatsun Amurka gida 4 kurum, tun daga waɗanda ba su iya kashe asid ko kaɗan har zuwa farar ƙasa wadda ba ta gajiya. A Turai aka ƙara gaba, aka raba nahiyar gida-gida, aka lissafa yawan farar wutar da kowane gida zai iya ɗauka a shekara ba tare da ruwansa ya lalace ba. Yarjejeniyar Helsinki ta 1985 cewa ta yi kowace ƙasa ta rage kashi 30 cikin 100, babba da yaro ɗaya. Ta Oslo ta 1994 kuwa a kan taswirar nan aka gina ta, aka ɗora wa kowa gwargwadon inda hayaƙinsa ke sauka da irin dutsen da ke wurin. Da wuya a sami wata yarjejeniyar ƙasashe da jakadu suka tsara da taswirar duwatsu a gabansu kamar wannan. Farar wutar da Turai ke fitarwa ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 daga 1980, kuma bayan an fara zuba wa kogin Tovdal farar ƙasa a 1996, kifin salmon ya komo.

Hukumar binciken duwatsu ta Amurka ta bi wannan hanya a shirinta na auna ingancin ruwan ƙasar, wanda aka soma a 1991. A yankin New England ta ɗauki taswirorin jihohi 6, masu ɗaruruwan sunayen duwatsu da ba su ma dace da juna a kan iyakar jihohin ba, ta narkar da su zuwa 'yan rukunai bisa sinadaran da ke cikinsu da saurin narkewarsu. Da aka ɗora sakamakon gwajin rijiyoyi a kai, sai ga wani zirin tsofaffin duwatsun teku masu ɗan kalsiyam, daga Maine zuwa Massachusetts, inda kusan rijiya 3 cikin 10 ke da gubar arsenik fiye da ƙima. Yawancinsu rijiyoyin gidaje ne, waɗanda doka ba ta tilasta wa kowa ya gwada ba.

Ita wannan guba ta arsenik ita ce ta nuna iyakar taswira, kuma a wurin da ba a zata ba. Lokacin da Bangladash ta sami 'yanci a 1971, mutanen karkara daga kududdufi da kogi suke sha, gudawa da kwalara suna kashe yara dubu-dubu. Gwamnati da ƙungiyoyin agaji, da asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya a gaba, suka duƙufa kafa rijiyoyin burtsatse masu famfon hannu. Ƙasar laka ce da yashi, bututu yana shiga da sauƙi, har mutane suka karɓi abin suka riƙa kafa nasu, adadin ya kai miliyoyi. Mace-macen yara suka ragu, duniya ta yaba. Ba wanda ya gwada ruwan don neman arsenik, domin a littattafan lokacin ana samunsa ne kusa da mahaƙar ma'adinai ko dutse mai aman wuta, Bangladash kuwa shimfiɗaɗɗiyar fadama ce. Gubar ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, kuma takan yi shekara 5 zuwa 10 ko fiye kafin ta bayyana a jiki: baƙaƙen ɗigo a ƙirji, kanta a tafin hannu da na ƙafa, daga baya ciwon daji na fata ko huhu ko mafitsara. A ƙauyuka akan ɗauka kuturta ce, har a ƙaurace wa mai ita.

Wani likitan fata a Kalkata, K. C. Saha, shi ya fara gane cutar a 1983 a jikin mutanen Bengal ta Yamma, ɓangaren Indiya. Labarin bai haye iyaka da wuri ba. A 1992 masanan hukumar binciken duwatsu ta Biritaniya sun gwada wasu rijiyoyin Bangladash, sun nemi sinadarai masu yawa, arsenik ba ya cikinsu. Shekara guda bayan haka aka tabbatar da shi a rijiyoyin Chapai Nawabganj. Daga 1998 hukumar nan da ma'aikatar ruwa ta Bangladash suka gwada rijiya 3,534 a gunduma 61 daga cikin 64. Kashi 27 cikin 100 na marasa zurfi sun haura ƙimar ƙasar ta mikirogiram 50 a lita, kashi 46 sun haura ƙimar Hukumar Lafiya ta Duniya ta mikirogiram 10. Aka ƙiyasta mutum miliyan 35 suna shan na farko, miliyan 57 na biyu. Wani da cutar ta kama ya kai ƙarar hukumar da ke bisa masanan Biritaniya kan gwajin 1992, shari'ar ta kai kotun ƙoli ta Majalisar Dattawan ƙasar, wadda ta kore ta a 2006 bisa cewa ba a ɗora wa masanan alhakin tabbatar da ingancin ruwan ba.

Asalin gubar daga tsaunukan Himalaya ne, amma yawanta a cikin yashin bai wuce na sauran wurare da wani abin a zo a gani ba. Abin da ya bambanta shi ne halin da yashin ke ciki. Arsenik yana manne ne da tsatsar ƙarfe da ke lulluɓe da ƙwayoyin yashi. Inda aka binne yashin tare da ruɓaɓɓun tsirrai, ƙwayoyin halitta sukan cinye iskar da ke cikin ruwan, sa'an nan su koma kan tsatsar su narkar da ita, arsenik ya kuɓuce. Saboda haka sabon yashi mai launin toka, wanda bai wuce shekara dubu 10 ba, shi ne mai haɗari; tsohon yashi ja na tuddan Barind da Madhupur, da wanda ke ƙasa da mita 150, galibi lafiya lau ne. Taswirar da aka zana ta nuna kudanci da kudu maso gabas sun fi muni, ta kuma taimaka wajen sanin inda za a fara. Amma a cikin ƙauye guda rijiya biyu masu tazarar taku 50 sukan sāɓa ƙwarai, don haka tilas aka bi su ɗaya-ɗaya da kayan gwaji, a shafa wa bakin famfo jan fenti ko kore. Fenti kuwa yana goguwa, kuma matar da koren famfo ke gidan maƙwabcin da ba sa ga maciji da juna ba lalle ne ta je can ba.

Afirka ta Yamma ba ta cikin rigimar asid, amma tana da nata rabon. John Falconer ya buga littafinsa kan duwatsun Nijeriya ta Arewa a 1911, aka kafa hukumar binciken duwatsu ta Nijeriya a 1919 da shi a kanta. Ma'adinai Turawan mulki ke nema, musamman kuzar Jos, amma daga ƙarshen shekarun 1920 aikin haƙa rijiyoyin siminti ya faɗo hannun hukumar. Taswirarsu ta nuna abin da ya bayyana dalilin wahalar ruwa a wurare da dama: Kano da Zariya da kudancin Katsina suna kan tsohon dutse mai tauri, inda ruwa ke maƙale a tsaguwa da ruɓaɓɓen sama kawai, Sakkwato da Barno kuwa suna kan kwarin yashi da yumɓu mai zurfi, har a shekarun 1950 aka huda ƙasa a Barno ruwa ya yi tsiri da kansa ba famfo. Tambayar da ake yi a lokacin ita ce ko akwai ruwa, kuma nawa ne. Abin da ke narke a cikinsa bai dami kowa ba muddin ba zartsi.

A arewacin Gana, a gundumar Bongo kusa da Bolgatanga, akwai wani jan giranit mai arzikin fulorayid. An haƙa rijiyoyin burtsatse da yawa a yankin tun shekarun 1970 da taimakon Kanada, kuma sun yi maganin kurkunu da gudawa. A shekarun 1990 bincike ya nuna cewa waɗanda ke kan wannan dutse ruwansu yakan kai miligiram 4 a lita, alhali ƙimar Hukumar Lafiya ta Duniya 1.5 ce, da an sauka daga kan dutsen kuwa sai adadin ya faɗi. Iyakar yara masu tabon haƙori ta bi iyakar giranit ɗin. Rijiyoyi da dama an toshe su bayan an gama kashe kuɗin haƙa su. A ƙasa mai zafi kuma ƙimar 1.5 ɗin ma tana da ja, domin manomi a watan bazara yana shan ninkin abin da mutumin Turai ke sha.

A shekarun baya masana sun haɗa dubban sakamakon gwaji da bayanan dutse da ƙasa da yanayi a kwamfuta domin yin hasashe ga duniya baki ɗaya. Taswirar arsenik da Joel Podgorski da Michael Berg na Suwizalan suka buga a 2020 ta ƙiyasta mutum miliyan 94 zuwa 220 na cikin haɗari, ta fulorayid ta 2022 kuma wajen miliyan 180, yawancinsu a Asiya da Afirka. Faɗin tazarar da ke tsakanin 94 da 220 kaɗai ya isa ya nuna yawan rijiyoyin da ba a taɓa ɗibar ruwansu a kwalba an kai ɗakin gwaji ba.

Irin wannan rijiya ce ta Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. A 1985 aka haɗa garin da wata rijiyar burtsatse mai zurfi, mutane suka yi murna da ruwan famfo mai tsabta a ido. Bayan 'yan shekaru yaran da aka haifa suka fara tasowa da jajayen haƙora, wasu ƙafafunsu suka gwame, wasu kawunansu suka yi girma fiye da ƙima, wasu suka kasa tafiya. An yi ta danganta abin da iskoki da gado. Da aka gwada ruwan sai aka sami fulorayid ninki 3 zuwa 4 na ƙimar da aka yarda da ita, an kuwa shafe wajen shekara 15 ana sha. Ɗaruruwan yara sun nakasa, dubbai sun taɓu. A 2002 wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam mai mazauni a Faris ta buga rahoto a kan yaran Tibiri tana neman a biya su diyya. An canja wa garin ruwa, yaran da aka haifa bayan haka suka tsira, amma ƙashin waɗanda suka girma da tsohon ruwan bai miƙe ba.